Itacen Oak Na Fadama: Kamanninsa, Amfaninsa Da Ƙasar Da Yake So

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan damina ta ƙarato, ƙungiyoyinmu sukan zauna su yi shawara a kan itatuwan da za a dasa. Wani ya ce mangwaro, wani ya ce dogon yaro, wani kuma ya ce a nemo wani baƙon iri da ya ji ana yabo. Kuɗin da za a kashe na ƙungiya ne, wahalar ban ruwa da tsaron awaki kuma ta kowa ce, amma itace ba ya nuna ainihin halinsa sai bayan shekara 10 ko 15. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani itace na ƙasar Amurka wanda mutanen can suka dasa da yawa ƙwarai. Inda ƙasa ta karɓe shi, ya biya su wahalarsu. Inda ba ta karɓe shi ba kuwa, sun yi ta kashe kuɗin magani har suka gaji suka sare shi. Turawa suna kiransa pin oak. Mu a nan za mu kira shi oak na fadama.

Sunansa da ƙasarsa

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun saba da sunan itacen oak, gama a cikin rassan wani babban oak ne kan Absalom ya sarƙafe. Sai dai oak na ƙasar Kan'ana dabam ne da wanda muke magana a kansa. Dangin oak babban gida ne, irinsa ya kusa 500 a duniya. Kimanin 90 daga cikinsu suna Amurka, ƙasar Meziko kuma ta fi kowace ƙasa yawan iri. A Afirka, sai can arewa, a duwatsun Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ake samun oak da ya tsiro da kansa. Mutanen Amurka suna girmama wannan dangi har a shekarar 2004 suka mai da oak itacen ƙasarsu bisa doka.

Wani masanin tsire-tsire Bajamushe mai suna Otto von Münchhausen shi ne ya raɗa wa oak na fadama sunansa na kimiyya a 1770, wato Quercus palustris. Kalmar farko ita ce sunan oak da Latin, ta biyun kuwa ma'anarta “na fadama”. Sunan Turanci, pin, yana nufin allura ko turke. Waɗansu sun ce ƙananan tsinkayen da suke fitowa tsaye a jikin rassansa su ne dalilin sunan. Waɗansu kuma sun ce a dā da itacensa ake fiƙe turakun da ake haɗa manyan katakan rumbu da na gida kafin ƙusa ta wadata.

Asalin gidansa gabashi da tsakiyar Amurka ne: daga jihar Konetikat a bakin teku zuwa gabashin Kansas, daga kudancin Ontariyo ta Kanada zuwa Tenesi da Akansa. Ya fi yin kyau a kwarin kogin Ohayo da gefen kogin Misisifi. Ƙasashe ne masu sanyi mai tsanani. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yakan daskare, itatuwa su zubar da ganye su yi barci, sai Afrilu su farka. Ku riƙe wannan magana ta barci, domin yawancin halayen itacen a kanta suke.

Yadda za a gane shi

Babban oak na fadama yakan kai mita 18 zuwa 22 a tsawo, wato ƙafa 60 zuwa 70, kaurin gindinsa daga gefe zuwa gefe kuma yakan kusa mita 1. Jikinsa miƙaƙƙe ne tun daga ƙasa har ƙoli, ba ya rabuwa biyu ko uku kamar ɗorawa. Ɓawonsa toka-toka ne, sumul lokacin ƙuruciya, ba shi da kauri ko da ya tsufa.

Ko daga nesa rassansa suke tona shi. Na sama suna duban sama, na tsakiya suna miƙewa a kwance, na ƙasa kuwa suna sunkuyawa har su taɓa ƙasa. Saboda haka ƙaramin itacen yakan yi faɗi a ƙasa da tsini a sama kamar jinkar ɗaki. Rassan nan sirara ne, suna da yawa ainun. Waɗanda inuwa ta kashe ba sa karyewa su faɗi da wuri, sukan daɗe a maƙale a jikin itacen shekara da shekaru.

Ganyensa tsawon santimita 5 zuwa 16 ne. An yanka shi gida 5 ko 7 kamar yatsun hannu, yankan kuwa ya shiga ciki har kusa da jijiyar tsakiya, kowane yatsa kuma yana da ɗan gashi mai tsini a bakinsa. Samansa kore ne mai sheƙi. Idan an juya shi za a ga ɗan tattaren gashi ruwan ƙasa a inda jijiyoyi suka haɗu. A watan Oktoba ganyen yakan juya ja ko launin tagulla, wannan kyau yana cikin abin da ya sa mutanen gari suke sonsa. Ƙananan itatuwa sukan riƙe busasshen ganyensu duk lokacin sanyi, sai sabon toho ya zo ya ture shi.

Cikin dangin oak shi mai saurin girma ne. A ƙasa mai kyau da rana sosai yakan ƙara kamar ƙafa 2 a shekara, ɗan shekara 10 yakan kai mita 8. Amma saurin girma ya zo da gajeren kwana. Yawancinsu ba su wuce shekara 120, alhali farin oak yakan yi shekara 300 ko fiye. Ba ya kuma jure inuwa: ɗan tsiron da ya fito ƙarƙashin manyan itatuwa yakan mutu cikin 'yan shekaru idan ba a buɗe masa sama ba.

'Ya'yansa

Itace guda yana ɗauke da furen namiji da na mace. A Afrilu ko Mayu furen namijin yakan rataya kamar zare, iska ta kwashi garinsa ta kai wa na macen. Daga nan sai haƙuri. Ɗan da aka ɗauki cikinsa bana ba zai nuna ba sai kakar baɗi, wato bayan wata 16 zuwa 18. Haka dukan dangin jan oak suke, oak na fadama kuwa ɗayansu ne. Dangin farin oak su ne 'ya'yansu suke nuna a shekara guda.

Ɗan itacen ƙarami ne, milimita 10 zuwa 16, kamar ƙwayar gurjiya, yana da 'yar hula marar zurfi a kansa. Kimanin 900 suke cika kilo 1. Itace yakan fara haihuwa yana da shekara 20, wanda yake fili shi kaɗai kuwa tun yana da 15. Ba kowace shekara yake cika 'ya'ya ba. Wata shekara ƙasa ta rufe, wata shekara kuma sai tsinta.

'Ya'yan suna da ɗaci da bauri, domin akwai sinadarin nan da yake cikin bagaruwa wanda majema suke jeme fata da shi. Namun daji ba su damu ba. Agwagin daji, talotalon daji, barewar ƙasar, kurege da maƙwaƙwafi duk da shi suke ƙetare sanyi. Akwai wani shuɗin tsuntsu da yakan kwashe su ya binne a wurare dabam dabam domin gaba. Waɗanda ya manta su ne sukan zama sababbin itatuwa nesa da uwarsu. Makiyaya kuwa suna lura ƙwarai, gama idan shanu ko tumaki ko dawaki suka cika ciki da 'ya'yan oak ko ɗanyen tohonsa, ƙodarsu takan lalace, har wani lokaci su mutu. Alade ya fi su jurewa.

Irin ba ya tsira sai ya sha sanyi. Masu renon dashe sukan ajiye shi cikin yashi mai laima a sanyin digiri 0 zuwa 5 na kwana 30 zuwa 45 kafin su shuka. A daji lokacin sanyi ne yake yin wannan aiki. Haka ɗan tsiron yake tsira daga fitowa da kaka ƙanƙara ta kashe shi.

Ruwa da ƙasa

Yawancin oak suna da uwar saiwa mai nutsewa can ƙasa. Oak na fadama saiwarsa ƙanana ne masu yawa, suna bazuwa kusa da fuskar ƙasa. Wannan ya dace da wurin zamansa. A kudancin Ilinoi da Indiyana da Ohayo da Misuri akwai shimfiɗaɗɗun filaye masu laka, waɗanda ƙarƙashinsu akwai tauri da ruwa ba ya ratsawa. Ruwan sama yakan kwanta a kansu daga ƙarshen shekara har Maris ko Afrilu, sa'an nan su bushe ƙaƙas da zafi. Itatuwa kaɗan ne suke iya irin wannan zama. A can oak na fadama yakan yi kurmi shi kaɗai.

Amma a lura da lokacin ruwan. Sa'ad da itacen yake barci, saiwarsa ba ta bukatar iska da yawa, don haka ruwa yana iya kwanciya a gindinsa wata da watanni bai cutu ba. Idan ya farka ya fitar da ganye, saiwar tana son numfashi. Ruwan da ya daɗe a gindinsa a wannan lokaci yakan shaƙe shi. Babban itace yakan jure 'yan makonni, amma idan abin ya maimaitu shekara biyu ko uku a jere, sai ya mutu. Ashe ko itacen fadama yana da iyakar ruwan da zai sha.

Tafkin agwagi a cikin kurmi

Mutanen ƙasar sun yi dabara da wannan hali. Miliyoyin agwagin daji suna saukowa daga Kanada da arewacin Amurka kowace kaka, suna bin kogin Misisifi zuwa kudu don gudun sanyi. Ɗan oak na fadama ƙarami ne, agwagwa tana iya haɗiye shi ɗungum, yana kuma da mai da yake ba ta ƙarfi. A cikin shekarun 1930 manoman shinkafa na wajen Stuttgart a jihar Akansa suka fara kewaye kurmin oak da ƙaramar ganuwar ƙasa. Da kaka sai su sako ruwa ya kwanta ƙarƙashin itatuwa, zurfinsa bai kai gwiwa ba. Agwagi su sauko su ci 'ya'yan da suka zuba, maharba su biya mai ƙasa kuɗin farauta, kafin toho kuma a buɗe ƙofa ruwan ya fita. Daga baya gwamnatoci suka ɗauki dabarar. Akwai irin wannan wuri a Oakwood Bottoms cikin dajin gwamnati na Shawnee a Ilinoi, da kuma a yankin Mingo a Misuri.

Da fari kowa ya yi murna: ga katako yana girma, ga nama, ga kuɗi, duk a fili guda. Bayan shekaru masu yawa sai aibin ya fito. A wuraren da ake sako ruwa kowace shekara ba hutu, ko a sako shi da wuri tun itatuwa ba su yi barci ba, ko a makara wajen janye shi, gindin itatuwa ya kumbura, ɓawo ya tsage, 'ya'ya suka ragu. Ƙananan oak kuma suka daina tasowa, waɗansu itatuwa da ba su da abincin agwagwa suka maye gurbinsu. Sai masu kula da dazuzzuka suka sake tsari. Yanzu shawararsu ita ce a jira har ganye ya zube kafin a sako ruwa, a janye shi kafin toho, a riƙa sauya zurfinsa, wata shekara kuma a bar kurmin a bushe ya huta.

Katako da sauran amfani

Itacensa yana da tauri da nauyi. A kasuwa akan haɗa shi da sauran dangi a sayar da sunan jan oak, amma kafintoci sun san bambanci. Kun tuna matattun rassan nan da ba sa faɗuwa? Itacen yakan girma ya haɗiye gindinsu, idan an tsaga katako sai a ga ƙananan idanu birjik. Katakon kuma yakan lanƙwashe ko ya tsage wajen bushewa idan ba a yi hankali ba. Don haka ba safai ake yin tebur ko kujera ta ƙawa da shi ba. Ana yin dandamalin da ake jibga kaya a ma'aikatu, da katakon da ake shimfiɗawa ƙarƙashin hanyar jirgin ƙasa bayan an jiƙa shi da magani, da ginshiƙan gini, da ɓawon takarda. Makamashi ne mai kyau, garwashinsa yana daɗewa, sai dai yana son shekara ɗaya ko biyu kafin ya bushe sosai.

Mutanen asali na ƙasar, tun kafin zuwan Turawa, sukan jiƙa ɓawonsa su sha don ciwon ciki. Akwai kuma wani ƙululu da ƙwaro yake sa shi ya fito a rassan oak, wanda ake haɗawa da ƙarfe a yi baƙar tawada.

Itacen titi da ƙofar gida

Babban amfaninsa a yau shi ne inuwa da ƙawata gari. Dalili na farko saiwar nan ce. Tun da ba ta nutsewa, ana iya haƙo itacen da ya fi mutum tsawo daga lambun reno, a kai shi wani wuri a dasa, ya kama ba wuya. Ga saurin girma, ga miƙaƙƙen jiki, ga jan ganye da kaka, yana kuma jure hayaƙin gari da ƙasar da aka tattake. Mai lambun reno yana samun kuɗinsa da wuri, mai saye kuma yana samun inuwa da wuri. A haka ya zama ɗaya daga cikin oak da aka fi dasawa a garuruwan Amurka. An kai shi Ingila tun wajen 1800, an kuma kai shi Ostareliya da Ajantina da sassan Afirka ta Kudu masu sanyi. A Kanbera, babban birnin Ostareliya, akwai tituna da aka jera shi dama da hagu.

Yana da nasa wahala. Rassan ƙasa masu sunkuyawa suna tare hanya, suna shafar mota da mai tafiya. Idan an sare su, na bisansu sai su sunkuyo su maye gurbi, aikin sara ya zama na kullum. Saboda haka masu renon itace suka zaɓo waɗansu iri da rassansu suke tsayawa sama, kamar wanda suke kira Green Pillar, suna yaɗa su ta hanyar auren itace, yadda muke yi da mangwaro da lemo.

Rawayar ganye

Ga babbar matsalar. Kowace ƙasa tana da ɗanɗanonta: wata mai tsami ce, wata kuma ta karkata wajen kanwa ko farar ƙasa. Masana suna auna wannan da ma'aunin da suke kira pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuwa wajen kanwa ne. Oak na fadama yana son kamar 5 zuwa 6.5. Idan ƙasa ta haura 7, sinadarin ƙarfe da yake cikinta yakan ɗaure, ba ya narkewa a ruwa, saiwar wannan itace kuma ba ta da dabarar kwance shi. Ƙarfen yana nan a ƙasa jingim, amma itacen yana yunwarsa, kamar mai hatsi a rumbu da makulli ya ɓace masa.

In babu ƙarfe, ganye ba ya iya yin korensa, in babu koren kuma ba ya iya dafa wa itace abinci da hasken rana. Alamar farko ita ce sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suke kore. Shekara ta gaba ganyen ya ƙanƙance, ya yi fari-fari, gefensa ya ƙone. Daga nan rassa su fara bushewa daga sama. Itacen yakan yi shekaru yana wannan jinya kafin ya mutu.

A jihohi kamar Kansas da Nebraska da Ayowa, ƙasa da yawa tana da farar ƙasa a cikinta. Ko inda ƙasar take da tsami, ɓaraguzan siminti da aka binne kusa da gini ko titi, da ruwan rijiya mai gartsi da ake ban ruwa da shi, sukan juya ta. Mutane suka sayi dashe kore shar daga lambun da ƙasarsa take da tsami, suka dasa a irin waɗannan wurare. 'Yan shekarun fari lafiya lau. Sai da saiwa ta bazu cikin ƙasar wurin, itace ya yi girma ya fara ba da inuwa, sa'an nan rawaya ta bayyana.

Akwai magani iri uku. Ana barbaɗa farar wuta a ƙasa don ta ƙara tsami, amma aikinta a hankali yake, idan kuma farar ƙasa ta yi yawa ba ta tasiri. Ana zuba wani takin ƙarfe na musamman mai tsada a gindin itacen. Ana kuma huda gindin a ɗura masa ruwan ƙarfe kamar allura, ganye ya komo kore na shekara 2 ko 3, sa'an nan a sake, kowace huda kuma rauni ce. Ba ɗaya cikinsu da yake sauya ƙasar har abada. Don haka malaman gona na waɗannan jihohi yanzu shawararsu ɗaya ce: a auna ƙasa kafin a dasa. Idan ta haura 7, a bar oak na fadama, a dasa ɗan'uwansa da yake jure farar ƙasa, kamar wanda suke kira bur oak. Kuɗin awon ƙasa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da kuɗin sare babban itace a tsakiyar gari.

Sauran abokan gaba

Akwai wata funfuna da take toshe hanyoyin ruwa a jikin oak, wadda aka gano a jihar Wiskonsin cikin shekarun 1940. Dangin jan oak ta fi yi wa ɓarna, tana iya kashe babban itace cikin 'yan makonni. Ƙananan ƙwari masu shan ruwan itace suke ɗaukarta zuwa sabon rauni, tana kuma bi ta saiwa daga itace zuwa maƙwabcinsa inda saiwoyinsu suka haɗu. Saboda haka ake gargaɗin mutane kada su sare reshen oak daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ƙwarin suke yawo. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da take ƙona gefen ganye, da wani ɗan ƙwaro dangin rina da yake sa ƙululu mai ƙahoni a rassa har su bushe. Gobarar daji ma tana cutarsa ƙwarai saboda ɓawonsa ba kauri, inda wuta ta lasa kuma nan ruɓa take shiga.

Mutanen Amurka sun sha wuya kafin su gane haɗarin cika gari da itace iri guda. A dā itacen elm suka jera a titunansu. A 1930 aka ga wata cutar elm a jihar Ohayo, cikin shekarun da suka biyo ta kashe miliyoyi, tituna suka zama tsirara. Aka maye gurbin da itatuwa kaɗan, cikinsu har da oak na fadama da wani mai suna ash. A 2002 aka gano wani baƙon ƙwaro a jihar Mishigan, shi ma ya kashe miliyoyin ash. Tun a 1990 wani masanin itatuwa, Frank Santamour, ya ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: cikin itatuwa 100 na gari, kada iri guda ya wuce 10, kada 'yan ɗaki guda su wuce 20, kada dangi guda ya wuce 30.

Abin da ya shafe mu

Kada wata ƙungiya ta kashe kuɗi wajen neman irin wannan itace. Yana bukatar sanyin da yake sa shi barci, irinsa ma ba ya tsira sai da shi, ƙasarmu kuwa ba ta da wannan. Abin ɗauka a labarinsa shi ne hanyar zaɓen itace, ga kuma abu huɗu da za a iya kawowa gaban taron ƙungiya.

Na ɗaya, a tambayi asalin itace kafin a karɓe shi: ina ya fito, wace irin ƙasa ce a can, yaushe ruwa yake zuwa, yaushe yake janyewa. Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, an kawo shi Borno a 1928, ya karɓu domin zafi da fari ba baƙinsa ba ne. Amma shi ma ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Inda ruwa yake kwanciya da damina, giyayya da bagaruwa sun fi shi dacewa.

Na biyu, a koyi karanta ganye. Rawayar ƙarfe tana kama lemo da gyaɗa da dashen cikin leda a ƙasarmu ma. Idan sabon ganye na sama ne ya yi rawaya jijiyoyinsa kore, a zargi ƙarfe da ɗanɗanon ƙasa. Idan tsohon ganye na ƙasa ne ya yi rawaya gaba ɗaya har da jijiya, yawanci ƙarancin taki ne. Maganinsu ba ɗaya ba ne, wanda ya rikita su zai zuba taki a banza.

Na uku, a gwada ƙasa kafin a haƙa rami. Idan aka ɗiga ruwan lemon tsami a kan busasshiyar ƙasa ta yi kumfa, akwai farar ƙasa da yawa a ciki. Inda za a yi babbar gonar itatuwa, a kai samfurin ƙasar wurin malamin gona a auna. A rage toka a ƙasar da ake cika ledar reno, gama toka tana kashe tsamin ƙasa, kada kuma a dasa a kan ɓaraguzan siminti.

Na huɗu, kada a cika fili ko gari da iri guda, kome kyansa. Idan ƙungiya za ta dasa itace 100 bana, a raba su: na 'ya'ya, na inuwa, na makamashi, na abincin dabbobi, a sa na gida irin su ɗorawa da gawo da tsamiya a ciki. A rubuta a littafin ƙungiya abin da aka dasa, da wurin, da ranar, domin waɗanda za su riƙe ƙungiyar bayan shekara 15 su san wanda ya yi kyau a wace ƙasa, su ƙara shi, su bar wanda ya ƙi.